Hukuncin Sa Hannu a Yarjejeniyar Dukiya Kafin Ɗaurin Aure

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A Landan nake zaune, saura wata biyu a ɗaura mini aure. Wanda zan aura yana da gida da shago, ya kawo mini takarda cewa in rabuwa ta zo kowa ya tafi da abinsa. Lauyansa ya ce sai na nemi nawa lauyan daban kafin in sa hannu. Gwaggona ta ce wannan mugun fata ne, kuma zuwa wurin lauya rashin yarda da miji ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, yarjejeniyar halal ce a asalinta, domin a Musulunci aure ba ya haɗe dukiya: ta miji tasa ce, ta mata tata ce. Allah ya ce a farkon Suratul Ma'ida a cika alƙawura, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Uƙba ɗan Amir cewa sharuɗɗan da suka fi cancantar a cika su ne na aure. Rubuta abu kuwa ba ya jawo shi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani umarni ce da rubuta bashi tsakanin muminai. Ki faɗa wa gwaggo haka cikin ladabi.

Amma batun lauya shi ne na fi so ki riƙe. A aya ta 4 ta Suratun Nisa'i, Allah bai halatta wa miji ko kwabo daga sadaki ba sai matar ta bayar da daɗin rai. To amaryar da aka miƙa wa takarda mai shafi da yawa, an riga an raba katin biki, 'yan'uwa sun sayi tikitin jirgi, kunya ta hana ta tambaya, ina daɗin rai a nan? Lauyan mijinki shi yake wa aiki, ba zai tsaya miki ba. Saboda haka neman naki ba zargi ba ne. Ina ma ganin ya zama dole a kanki muddin ba ki fahimci abin da za ki sarayar ba.

Dokar ƙasar ma nan ta fuskanta. A shari'ar wasu ma'aurata da suka rabu, Radmacher da Granatino, ta 2010, Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce a yi aiki da irin wannan yarjejeniya idan kowa ya shige ta da son ransa, ya kuma san abin da za ta haifar, sai dai in bin ta zai zama rashin adalci. Kada ki sa hannu kina cewa ai takarda ce kawai.

In kin zauna da lauyar ko lauyan, a duba ko an soke sadaki, ko ciyarwa, ko gado. A wurin malamanmu Malikawa, sharaɗin rashin ciyarwa ko rashin gado ya ci karo da auren kansa: a raba kafin tarewa, bayan tarewa auren ya tabbata sharaɗin ya faɗi. Haƙƙin 'ya'ya kuwa ba naki ba ne balle ki yafe. Idan albashinki zai shiga biyan kuɗin gidan ko jarin shagon, a rubuta kasonki ƙarara. Shi ma ya bayyana dukiyarsa da basussukansa, domin ɓoyewa algus ne.

Ki gama wannan tun da sauran makonni, ba a jajibirin biki ba, ki kuma tambayi lauyan batun rajistar auren, don ɗaurin masallaci kaɗai sau da yawa kotun Ingila ba ta lissafa shi. Wallahu a'alam.