Kyankyaso da ma'aunin lanƙwasar jikin kumbo

Malam, ka tambaya daga Agege ko da gaske ana kwaikwayon ƙwari wajen auna lanƙwasar jikin kumbon sararin samaniya. Ƙwarai kuwa. A ƙafar kyankyaso akwai 'yan ramuka masu siffar ƙwai, kowanne da murfinsa. Ɓawon ƙafar na lanƙwasa sai ramin ya matse, murfin ya motsa, jijiya ta kai labari.

Hikimar tana ramin. Zagayayyen rami a farantin ƙarfe yana ninka ƙarfin ja sau 3 a bakinsa, shi ya sa ɗan motsi ke aunuwa. Amma kada a huda allon zaren kabon, wato allo mai ƙarfi mara nauyi na jikin kumbo, zaren zai tsinke, tsaga ta faro daga nan. A kewaya da zaren gefen ramin tun wajen shimfiɗa shi.

Sauyin zafi da sanyi a sararin samaniya yana ruɗa awo, don haka a liƙa ma'auni na biyu inda babu ja, a debe karatunsa daga na ma'aunin da ke bakin ramin.