Me ya sa ake rubuta "One of my brothers is", ba "are" ba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare, ina shirin zana jarrabawar WAEC. A wani insha'i na rubuta "One of my brothers are a doctor", sai malaminmu ya soke "are". Tun da 'yan'uwan suna da yawa, me ya hana a sa jam'i?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Malaminku ya yi daidai. A nahawun Turanci, aikatau (kalmar aiki, irin su "is" da "are") yana jituwa ne da ainihin aikau, wato wanda ake magana a kansa, ko da kuwa wani suna ya shiga tsakaninsu. A jimlarki mutum ɗaya ake nufi, shi ne "one", shi kuwa "of my brothers" yana nuna rukunin da aka ciro shi ne kawai. Hausa ma haka take yi, domin kina cewa "ɗaya daga cikin yayyena ya zo", ba za ki ce "sun zo" ba.

Abin da yake ruɗar ɗalibai shi ne kunne yakan kama sunan da ya fi kusa da aikatau. Saboda haka, idan kin gama rubutu, ki rufe kalmomin da suke tsakani ki sake karantawa: a "The price of tomatoes has risen", farashi ne ya tashi, don haka "has" ya dace, duk da cewa tumatir ɗin jam'i ne. Ki kuma lura cewa harafin "s" a ƙarshen suna yakan nuna jam'i, amma a ƙarshen aikatau tilo yake nunawa, kamar "the boy plays" da "the boys play".

Akwai wurare biyu da Hausarmu take jan hannunmu, kuma a ganina sun fi cancantar kulawa. Muna cewa "Baba sun dawo" don girmamawa, al'ada ce mai kyau, sai dai Turanci ba ya girmama mutum da jam'i, "My father has returned" za ki rubuta. Haka nan mun saba cewa "shugaba tare da malamai sun iso", amma "together with" da "as well as" ba sa mayar da aikau jam'i, shi ya sa ake rubuta "The principal, together with the teachers, has arrived".

Kalmomin "everybody", "each" da "nobody" tilo ne, kamar yadda muke cewa "kowa ya zo". A jimlar da take da "neither" da "nor" kuwa, sunan da ya fi kusa shi ne yake jan aikatau: "Neither the teacher nor the students were present".

Game da zaɓen kalma, "information", "furniture", "equipment" da "advice" ba a ƙara musu "s", duk da yawan jin haka a bakin mutane a Najeriya, kuma masu duba takardun jarrabawa suna ɗaukarsa kuskure. Idan shawara guda kike nufi, ki ce "a piece of advice", sannan ki bambanta ta da "advise", wanda aikatau ne. "News" tilo ne ko da yake ya ƙare da "s", "police" kuwa jam'i ne, don haka "The police are investigating" za ki rubuta.