Tsawon Sunan Shafin Intanet: Nawa Ne Daidai?

Ka tambaya ko sunan shafinka mai haruffa 24 ya yi tsawo. A ganina ya yi. A ƙa'ida, sunan da ke gaban ɗigon .com zai iya kaiwa haruffa 63, amma wa zai iya riƙe wannan a ka? Dubi Google, haruffa 6 ne kacal, Facebook kuma 8.

Gwajin da na fi yarda da shi: faɗa wa wani sunan ta waya sau ɗaya. In ya rubuta daidai bai ce ka maimaita ba, ka dace. Kalma biyu ko uku sun isa. Sai dai kada garin neman gajarta ka yanke wasula har sunan ya kasa karantuwa. Lambobi da karan ɗori kuwa, bar su, mutane na mantawa da su.