Amsa kan tsadar tikitin jirgin sama zuwa Basalona

Malam, ka ce ka samu rangwame a jirgin ruwan yawon buɗe ido da zai tashi daga Basalona ta ƙasar Sifaniya a watan Agusta, amma kuɗin jirgin sama daga Abuja ya kusa ninka na jirgin ruwan. Gaskiya lokacin da ka zaɓa ne babbar matsalar, domin Yuli da Agusta watannin hutun Turawa ne, kuma farashi yakan sauka a Afrilu, Mayu ko Oktoba, alhali tekun Bahar Rum na da daɗin tafiya a lokacin.

Abin da na fi so ka duba shi ne tashar hawa. Kamfanoni irin su MSC da Costa suna zagaya tashoshi da yawa a tafiya guda, suna kuma ɗaukar fasinja a Basalona, Marsai ta Faransa, Jenowa ta Italiya ko Cibitabekiya da ke kusa da Roma. Saboda haka ka fara neman garin da tikitin jirgin sama zuwa can ya fi araha, ko ka bi ta Istanbul, Kasablanka ko Adis Ababa, sannan ka zaɓi inda za ka hau. Bizar Shengen guda, wato bizar da ƙasashen Turai da dama suka yi tarayya a kanta, ta wadatar a Sifaniya, Faransa da Italiya.

Sai dai ina roƙonka kada neman sauƙi ya sa ka sayi tikitin jirgin sama biyu daban-daban da ɗan gajeren lokaci tsakaninsu, domin in na farko ya makara, babu mai biyanka. Ka isa kwana ɗaya kafin tashi, ko da za ka biya ɗakin otal, domin jirgin ruwa ba ya jiran kowa.