Takardu ba sa fita sai da ciko

Na ga saƙonka tun bayan la'asar. Tambaya uku ka cusa a layi huɗu, ko sallamar kirki babu, kamar wanda ake bi da gudu. Ka ce ina ake samun mujallun ilimin halayyar ɗan adam ba tare da an biya kuɗi ba, ka ce kana son shiga digiri na biyu, sannan can ƙarshe ka liƙa cewa wani ɗalibi ya same ka a shagonmu na kwamfuta da bugu ranar da ba na nan, yana so ka tattara masa bayanai a unguwanni, zai biya "in an gama". Ta ƙarshen nan ce ta sa na ɗauki waya. Biyun farko duk wanda ya yi shekara huɗu a jami'a ya ci a ce ya san su, amma zan taɓo su in na huce.

Yaro, irin wannan mutumin na san shi tun kana firamare. Nawa ma'aikacin gwamnati ne, babbar riga, mota mai sanyi, yana digiri na biyu a kan damuwar da ke kama mata bayan haihuwa. Wanda ya kawo shi mutum ne da muke sahu ɗaya a masallaci, don haka kada ka buɗe baki ka ce mini sakaci. Ya zo da abu biyu kacal: takardar tambayoyin nan ta EPDS mai auna damuwar masu jego, wadda aka tsara a Edinbara a 1987, tambaya 10, kowace maki 0 zuwa 3, da kuma lamba 384, wato yawan matan da za a tambaya, da ya kwafo daga jadawalin Krejcie da Morgan na 1970. Na tambaye shi daga ina 384 ta fito, ya ce haka kowa yake rubutawa. Ya ajiye kafin alƙalami ɗan kaɗan, ya ce sauran in an gama.

Takardar da Turanci take, matan da za a tambaya kuwa na Dorayi ne da Kurna da Gwammaja da Yakasai a nan Kano. Ni na nemo wanda ya mayar da ita Hausa, na nemo wata malama dabam da ba ta taɓa ganin ta asalin ba ta sake mayar da Hausar zuwa Turanci, muka zauna muka gwama biyun, duk inda suka saɓa muka gyara. Sannan muka gwada ta a kan mata kaɗan ranar rigakafi a wani asibitin sha-ka-tafi, muka ji inda suke tsayawa su ce "me kike nufi?" Shi duk wannan bai san an yi ba. Takardar izinin kwamitin ɗa'ar bincike ma ba shi da ita, ni na yi ta zarya har ta fito. Kuma a garin nan ba a wasa da ita. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a 1996 ba, kuma ka san yadda aka dakatar da allurar shan-inna a 2003 saboda rashin yarda. Ka shiga lungu da takarda da biro ba tare da mai unguwa ya san da zuwanka ba, tambayar farko da za ka ji ita ce wa ya aiko ka, kuma in amsarka ta yi rawa, da gudu za ka fita.

Gidan aure ba shiga, kai ma ka sani, don haka mata na ɗauka, galibinsu masu karatun jinya ne da ke hutu, kowace da ungozomar unguwa mai yi mata jagora. Kullum sai kuɗin mota, sai na abinci, sai ladan yini, kuma da yamma ake biya, ba a kwana da haƙƙinsu. Kafin alƙalamin mutumin bai kai ƙarshen makon farko ba. Daga nan aljihuna ne.

Bari in gaya maka abin da babu malamin da zai rubuta maka a allo. Mai jego ba ta zama ita kaɗai. Uwar miji ko gwaggo tana gefe a kan tabarma, jariri a cinyarta, kwanon kunun kanwa a gaba. Ma'aikaciyarka ta tambayi yarinya ko a kwana bakwai da suka wuce ta yi baƙin cikin da ya sa ta kuka, kafin ta ɗago kai tsohuwa ta amsa: "Kukan me? Allah ya ba ta ɗa namiji, lafiyarta lau." Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce haka ne. In ka rubuta wannan, amsar tsohuwa ka rubuta. Na koya wa matan nan su yi ta hira, su yaba jariri, su jira sai tsohuwa ta tashi duba ruwan wanka a murhu, a wannan ɗan tsakanin ake samun gaskiya. Gida ɗaya yakan ci awa guda saboda haka. Ga kuma tambaya ta goma, wadda ke tambayar ko tunanin cutar da kanta ya taɓa zo mata. Wata rana ɗaya daga cikin ma'aikatana ta dawo jikinta a sanyaye, ta ce wata amarya haihuwar fari ta amsa mata da "kullum", a hankali, tana kallon ƙofa. Irin wannan ba a sa mata maki a wuce. Ni na je na sami mijin a bakin shagonsa, na lallaɓa shi da dabara ba tare da na tona abin da ta faɗa ba, har ya yarda ya kai ta ganin likita. Mai babbar riga yana ofis yana shan iska.

Kowane dare ina zaune da fitila ina bin takardu ɗaya bayan ɗaya. Takardar da aka cika a gindin bishiya ba ta ɓuya: amsoshi a jere iri ɗaya, rubutu tsaf babu ko gogewa, takardar ba ta yi ƙura ba. Cikin kowane gida goma sai na mayar da wata ma'aikaciyar dabam gida ɗaya ta tabbatar an je. Haka muka cika 384, na shigar da su SPSS, manhajar lissafin bincike, da hannuna.

To a nan aka yi ta. Hasashen mutumin shi ne masu kishiya sun fi shiga damuwa. Abin da muka tattaro bai nuna haka ba, lambar p, wadda sai ta sauko ƙasa da 0.05 ake cewa an ga bambanci, ta haura nesa ba kusa ba. Na nuna masa a fuskar kwamfuta. Ya yi shiru, ya cire hula ya sosa kai, ya ce, "Malam, ba za a ɗan taɓa ba?" Ashe babi na biyar tuni ya rubuta shi, ya kammala, ya ba da shawarwari ga gwamnati, tun kafin a buga takarda ko ɗaya. Na ce masa rashin samun bambanci shi ma sakamako ne, a rubuta shi yadda yake, ni zan taya shi gyara babin kyauta. Ya yi murmushi ya ce ba komai, na fi shi gaskiya. Bayan kwana biyu ya dawo ya ce malamin da ke duba aikinsa yana so ya ga takardun da idonsa, gobe zai dawo da su, ciko kuma ƙarshen wata. Abokin sahuna yana tsaye a wurin, yana cewa ai Alhaji ba ya haka. Yarana suka ɗora masa kwalaye a bayan mota, ya karɓi filas ɗin da na adana bayanan a ciki ma.

Waya a kashe. Ofis, ya fita. Ofis, yana mitin. Daga baya aka ce an yi masa canjin wurin aiki. Wanda ya kawo shi kuma sai a yi haƙuri, a bar wa Allah, har ya fara sauya sahu. Akwai ragowar kuɗin matan nan a kaina, ga mai takarda yana bi na. Janareta na sayar, a tsakiyar lokacin da ɗalibai ke rububin buga furojet, ina zaune a shago babu wuta ina kallon kwastomomina suna shiga shagon maƙwabci.

Abin da har yau yake ci mini rai ya zo ne bayan shekaru. Wata ɗaliba ta kawo wani kundi mai baƙin bango a yi mata hoton babi na uku. Ina buɗewa na ga sunansa da ruwan zinare. Na wuce babi na huɗu, ga jadawalina, yadda na tsara shi, amma p ta sauko ƙasa da 0.05, masu kishiya sun zama marasa lafiya da ƙarfin biro. A babi na uku ya rubuta cewa mai bincike da kansa ya bi gida-gida. A shafin godiya ya gode wa maiɗakinsa, da ogansa, har da direbansa. Kuma ga wata tana kwafa za ta ɗora nata aikin a kai. Na yi mata hoton, na karɓi kuɗina, na ce mata kada ta jingina da babi na huɗu. Ta kalle ni kamar na zauce.

Saboda haka naka mutumin, kafin alƙalaminsa ya ɗauke ladan ma'aikata gaba ɗaya da kuɗin mota da na bugu, ba rabi ba. A rubuta a takarda, ya sa hannu, shaida kuma kada ya zama abokinsa. Tela ba ya sakin ɗinki sai an cika masa, kai ma takarda ko ɗaya ba ta barin shagon nan sai ciko ya shiga hannu. In malaminsa yana son gani, ga benci, ya zo. Ka tambaye shi takardar izini tun ranar farko, ka kuma ce ya nuna maka inda ya tsaya a rubutu. In ka ga babi na biyar a rubuce, ka mayar masa da kuɗinsa. Ku yanzu ma an sauƙaƙa muku, da manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox a waya kowace amsa tana zuwa da lokacin da aka fara da wanda aka gama da inda aka tsaya, mai cikawa a gindin bishiya ba ta da mafaka. Lambar sirrin shiga ta zauna a wurinka kai kaɗai.

Sai dai sauƙin ne ya lalata ku. Yaro ya haɗa tambayoyi a Google Forms, ya watsa a zaurukan WhatsApp na abokan karatunsa, ya kwana ya tashi ya ce ya binciki matasan Kano. Waɗanne matasa? Ɗan dako a Kwari yana cikin zauren? Wani kuma ya sa na'ura ta rubuta masa babi na biyu, ta jero masa sunayen marubuta da mujallun da babu su a duniya, ya kawo mini in buga. Ina ganewa tun daga shafi na biyu.

Mujallu kuwa, Google Scholar da PubMed a buɗe suke. AJOL ta tara mujallun Afirka, a nan za ka ga abin da aka yi a kan mutanenmu, ba ɗaliban Amurka ba. Waɗanda aka kulle da kuɗi, ka shiga ɗakin karatun jami'a ka tambayi ma'aikaci ko suna da shiga Research4Life, shirin da ke buɗe wa ƙasashe masu tasowa irin waɗannan mujallu, ƙafa kawai za ta ci maka. Ka sauke Zotero ya riƙe maka madogara, ka bi tsarin rubuta madogara na APA bugu na 7 na 2019, ka daina kwafar na kundin da ya girme ka. Kuma ka rabu da SPSS ɗin sata da ke kashe mini kwamfuta, jamovi da JASP kyauta ne, duk abin da digiri na biyu ke bukata suna yi. Yadda ake shigar da bayanai da duba Cronbach alfa, ma'aunin ko tambayoyi sun dace da juna, ba zan ɓata bakina ba, kana gani ina yi kullum.

Digiri na biyu ka yi shi, amma ka san me kake nema. Da digirin farko ba a ba ka mara lafiya. In asibiti kake so, sai ka yi na ɓangaren duba marasa lafiya, irin wanda ake yi a Jos da Ibadan da Nsukka, inda aka buɗe sashen farko na wannan ilimi a Najeriya a 1964. Ko ka gama ba za ka rubuta magani ba, wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne, naka gwaji ne da magana, kada ka bari 'yan unguwa su ɗora maka "dokta" ka amsa. Wuraren aikin ka san su: asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano, asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, wuraren gyaran masu shaye-shaye na NDLEA, da ƙungiyoyin agaji da ke aiki da waɗanda rikici ya raba da gidajensu a Borno. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, ka nemo ta ka karanta, don za a iya tambayarka a intabiyu. Masu ɗaukar aikin ƙungiyoyi kuma abin da suka fi tambaya shi ne ko ka taɓa fita fili ka jagoranci ma'aikata, kuma wannan a shagon nan kake koyonsa, ko da yake ba ka ɗauke shi a bakin komai ba.

Na ji kana ambaton Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, da yaran can. Suna neman shekara biyu ta aiki, kai jiya ka cire kakin bautar ƙasa. Abin da ke gabanka shi ne takardar makin darussanka daga jami'ar da ka gama, ka fara nemanta tun yanzu don ba ta fita da wuri, da malamai biyu da za su rubuta maka wasiƙar shaida. Ka je ka gaishe su da ƙafarka, kada ka tura musu irin saƙon da ka turo mini.