Takardun kakanninmu na ruɓewa a bakin teku: mu yi musu laminatin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ni ne magatakardar wata ƙaramar ƙungiya da muka kafa a zangonmu na Cape Coast, a Ghana, don adana tarihin kakanninmu. Mun bi gida-gida mun tara adaka uku: littattafan ajami da na Larabci rubutun hannu, wasiƙun fatake, takardun sallama na waɗanda suka yi soja zamanin Turawa, da hotuna. Tun da ruwa ya sauka funfuna ta hau su, wasu na wari, wasu da ka taɓa sai su marmashe. Wallahi barci ya gagare ni, don amana aka ba mu. Wani mai shagon kwamfuta ya ce zai yi mana laminatin ɗinsu duka da rangwame, har mun fara karo-karo. Mu ci gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ku dakata. Ko kyauta ya ce zai yi muku, ku yi masa godiya ku rufe adakarku.

Ka kwantar da hankalinka tukuna. Funfuna ba ta cinye littafi a mako guda. Tana tashi ne idan laimar iska ta haura kashi 65 cikin ɗari ta kuma daɗe a haka, ku kuwa a bakin teku kusan duk shekara kuna sama da wannan, musamman daga Afrilu zuwa Yuli. Wannan ciwo ne mai magani. Wanda ba shi da magani shi ne wanda kuke tara wa kuɗi.

Na gaji da wannan magana ta laminatin, amma ba zan fasa ba, don kusan kullum sai an kawo mini gawar takarda a cikin roba ana tambayata ko da sauran dabara. Babu. Na'urar nan ba sutura take yi wa takarda ba. Zafi take bayarwa, wanda ya kai na tafasasshen ruwa ko ya fi, ta narkar da gam, gam ɗin ya ratsa cikin zaren takardar ya zauna. Daga nan takarda da roba sun zama abu guda. Ranar da robar ta yi jawur ta fara ɓallewa, da tawadar za ta ɗago. Laimar da ke jikin takardar lokacin da aka rufe ta, da tsamin da ke cin ta, duk an kulle su tare da ita ba mafita. An ɗaure kura da akuya a ɗaki ɗaya ke nan, an jefar da mabuɗi.

Kada kuma wani ya ruɗe ku da cewa ai Turawa ma suna yi. Sun yi, sun kuma yi da-na-sani. A shekarun 1930 wani Ba'amurke mai suna William Barrow ya fito da hanyar manne tsofaffin takardu da wata irin roba, manyan gidajen adana tarihi suka rungume ta shekara da shekaru. Daga baya robar ta fara ruɓewa tana warin tsami, takardun na lanƙwashewa, aka koma ana kashe maƙudan kuɗi wajen cire abin da aka biya kuɗi aka saka. Gara ma tasu, ana iya narkar da ita da sinadari. Ta shagon kwamfuta ba ta fita sai da fatar takardar.

Ga ku kuwa asarar ta ninka. Littattafan malamanmu iri biyu na tawada aka fi rubuta su da ita: ta gawayi da ƙaro, wadda ke zaune a saman takarda, da ta bagaruwa da kashin maƙera, wadda ke shiga ciki tana cin takarda a hankali. Ta farkon gam zai kwashe ta, ta biyun zafi da laima ke ƙara mata ci. Sannan da yawa daga takardun nan in ka ɗaga su ga haske za ka ga tambarin jinjirin wata uku a jikinsu, alamar takardar Italiya, irin ta gidan Galvani, da fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da ita. Da wannan tambari, da kaurin takarda, da yadda aka naɗe ta, muke ƙiyasta shekarun littafi da hanyar da ya biyo. Mai shago kuma sai ya sa almakashi ya daidaita gefe don ta shiga na'ura, alhali a gefen ne malami ke rubuta sharhinsa, a ƙasan shafi kuma kalmar da ke nuna ganyen da ke biye. An taɓa kawo mini littafin fiƙihu da aka yi wa wannan aika-aika, an datse kalmomin ƙasan nan kaf. Mai shi yana ta murna wai ya yi tsaf.

Mai shago ba mugu ba ne, katin shaida ya saba yi, wanda in ya lalace a buga wani. Takardar sallamar kakanka guda ɗaya ce a duniya. Tun 1863 wani hafsan Birtaniya, Kyaftin Glover, ya kafa rundunar Hausawa a Legas, aka kawo su yaƙin Asante a 1873, a 1879 kuma aka kafa ta Gold Coast, wato Ghana ta yanzu. Gidaje da yawa a zangunan bakin teku daga waɗannan sojoji suka samo asali, kuma wani gidan ba shi da wata shaidar zuwan kakansa sai wannan ƙyallen takarda.

'Yan uwan laminatin ma ku guje su: salatif, gam, sitefula, fesa maganin sauro, ƙunshewa a leda, da shanyawa a rana. Rana tana busar da takarda, amma tana gasa ta.

Abin yi ba shi da tsada. Ku fitar da komai daga adakar ƙarfe, don iskar gishiri ta sa ta tsatsa, tsatsa kuma na bin takarda. Ku ware masu funfuna. Ku baza su a inuwa, ɗaki mai iska, fanka na kaɗawa amma ba a kansu ba. Sai funfunar ta bushe ta zama gari kafin a share ta da buroshi mai laushi, a waje, da takunkumi a fuska, don tana taɓa huhu. Kada ku rikita jerin ganyen littafi. Ku lulluɓe kowanne da farar takarda mai kyau ko wankakken farin yadi, in yana da gafakarsa ko tadarishinsa a ajiye su tare. A ɗora su a kan kantar ajiya nesa da ƙasa, nesa da bangon da ke fuskantar teku, a riƙa leƙawa saboda gara da kyankyasai. Hoton da ya manne da gilashi kada a ɓanɓare shi, a ɗauki hotonsa a yadda yake.

Kowane shafi ku ɗauke shi da waya a hasken rana na inuwa, har da bango da gefe, ku rubuta gidan da ya fito. In ana son abin nunawa jama'a, a buga wannan hoton a yi masa laminatin har sau goma, ban hana ba.

Batun hukuma kuwa, ku rubuta wa hukumar gidajen tarihi ta Ghana, ga ofishinsu nan kusa da ku a tsohuwar ganuwar Cape Coast, ku kuma nemi Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon, wadda ta tara kwafin rubuce-rubucen Larabci da ajami tun shekarun 1960. Babban ɗakin karatu na Birtaniya ma yana da shirin tallafa wa ɗaukar hoton irin waɗannan takardu, kuma na asalin ba sa barin ƙasarsu. Amma kada ku naɗe hannu kuna jiran amsar wasiƙa. Ganuwar Prinzenstein da ke Keta, wadda 'yan Denmark suka gina a 1784, tana cikin jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO, teku bai fasa cinye babban ɓangarenta ba. In dutse ya ga haka, ina ga takarda?

Kuɗin da kuka tara, ku sayi kanta da fanka da buroshi. Abin da ya rage ku yi goro da shi ku je wurin tsofaffin da suka ba ku adakun nan, ku naɗi muryarsu suna faɗin wane ne a cikin kowane hoto. Wannan kam kada ku bari sai bayan damina.