Da gaske zaren fiba na iya sauraron zuciya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Daura. Na ji ana cewa fibar nan da ake haƙa rami a binne a gefen titi saboda intanet, har bugun zuciya ake saurara da ita. Gaskiya ne? Kuma wayata za ta iya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Gaskiya ne, sai dai ba kebul ɗin bakin titin ake ɗorawa a ƙirji ba. Irin zaren gilas ɗin da ke cikinsa ne, wanda kaurinsa kaɗan ya fi na gashin kai, kuma haske ke bi ta ciki, ba lantarki ba.

A wani ɗan gurbi na zaren ana yin zane-zane a jere, waɗanda ido ba ya gani, su riƙa mayar da launin haske guda baya. Wani masanin kimiyya, Ken Hill, ne ya fara nuna wannan a Kanada a 1978. Sai a manna zaren a jikin faifan roba mai laushi a ɗora a ƙirji. Ƙofofin zuciya na rufewa, ƙirji ya ɗan girgiza, zaren ya miƙe, launin da ke dawowa ya gusa, kwamfuta ta zana shi a allo.

Amfanin yana wajen sautin da ke da wuyar ji. Kin saba da sautuka biyun nan na bugun zuciya na kullum. Na ukun, S3, da ke biyo bayan na biyu, yana can ƙasa kusa da iyakar abin da kunnen mutum ke iya ji, ga fanka, ga janareto, ga kukan yara a ɗakin jinya. A wurin babba yakan nuna zuciya ta fara gazawa, irin wadda ke kama wasu mata bayan haihuwa, abin da ba baƙo ba ne a Arewa. Zaren kuma bai damu da maganaɗisu ba, don haka yana aiki ko a cikin na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu.

Wayarki kuwa, a'a. An ƙera maikonta don murya, kuma yawanci takan zubar da ƙananan sautuka a matsayin hayaniya. Manhajar da ta ce za ta gano ciwon zuciya da maikon waya kawai, ni ban yarda da ita ba.

Na'urar da ke karanta hasken tana da tsada, yawancin aikin ma yana ɗakunan bincike tukuna. Mai jegon da ta zo miki da kumburin ƙafa da haki, a tura ta hoton zuciya ba jira.